Gaggawar da aka yi wa Frank Lampard

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 ne Frank Lampard ya karɓi aikin horar da Coventry City, ƙungiyar da a lokacin take ta 17 a teburin Championship, wato rukuni na biyu na ƙwallon Ingila. Mutumin da ya ja ragamar Chelsea a matsayin kyaftin daren da ta ci kofin Zakarun Turai a Munich a 2012, wanda har gobe babu wanda ya kai shi cin ƙwallo a tarihin ƙungiyar, shi ne ya koma gasar da gidajen kallonmu ba su cika kunnawa ba. Masu kallo da yawa sun ɗauka labari ya ƙare ke nan. Chelsea ta sallame shi, Everton ta sallame shi, ya koma Chelsea riƙon ƙwarya ya sha kashi iri-iri, ga shi yanzu ya gangaro ƙasa. Hukuncin da ake yankewa a majalisun 'yan ƙwallo gajere ne: Lampard ya iya taka leda, amma bai iya koci ba.

Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba. Ya yi kurakurai, manya ma kuwa, kuma zan faɗe su. Amma abin da nake gani shi ne an ba shi aikin da bai kai gare shi ba tukuna, saboda sunansa, da aikin ya rinjaye shi kuma aka juya aka ce dama can bai iya ba. Komawarsa Coventry ita ce shawara mafi kyau da ya yanke tun da ya yi ritaya daga taka leda a 2017, kuma ita ce ta farko da ta yi kama da Lampard ɗin da muka sani a fili.

Wanda ya manta yadda aka yi Lampard ya zama Lampard ba zai gane abin da ya same shi a benci ba. Ba a haife shi da baiwar su Ronaldinho ba. Lokacin da ya fara buga wa babbar ƙungiyar West Ham wasa a 1996, mahaifinsa ne mataimakin koci, shi kuwa kocin, Harry Redknapp, mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa ne. Magoya baya da dama suka ƙudurce a ransu cewa alfarma ce kawai ta sa ake saka yaron. Suna yi masa ihu, suna kiransa mai ƙiba. Har a wani zama da aka yi da magoya baya wani ya miƙe, yaron na zaune a gabansa, ya ce bai cancanta ba. Redknapp ya mayar masa da cewa wannan yaro sai ya kai ƙololuwa. Da ya karye a ƙafa a wasa da Aston Villa a 1997, shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya ji wasu magoya bayan ƙungiyarsa suna shewa ana fitar da shi daga fili. Yaro ɗan shekara 18 fa.

Bai rama da baki ba. In an tashi daga atisaye kowa ya watse, shi sai ya tsaya yana gudu, yana buga ƙwallo a raga, yau da gobe, shekara da shekaru. Abokan wasansa da dama sun ba da wannan shaida. Chelsea ta saye shi fam miliyan 11 a 2001, wasu na cewa an yi tsada, kakarsa ta farko ma ba ta burge mutane ba. Sai ga shi ya buga wasan Firimiya 164 a jere babu fashi. Shi ya ci ƙwallaye biyun da aka doke Bolton da su a Afrilun 2005, ranar da Chelsea ta ɗauki kofin gasar bayan shekara 50 tana jira, kuma a shekarar ya zo na biyu a Ballon d'Or. Kaka goma a jere yana cin ƙwallo goma ko fiye a Firimiya, alhali ɗan wasan tsakiya ne. Ya bar Chelsea a 2014 da ƙwallo 211. A Firimiya gaba ɗaya ya ci 177, babu ɗan tsakiyar da ya kai haka.

Waɗanda suka kalli Chelsea a shekarun da John Mikel Obi yake tsaye a bayansa yana tare hanya sun san yadda yake yi. Lampard ba ya yanke mutum uku ya wuce. Tun kafin ƙwallo ta iso ya waiga dama da hagu ya san inda kowa yake, sannan ya jinkirta shiga yadi na 18 har sai masu tsaron baya sun shagala da Drogba, kawai sai a ga ya ɓullo. Wannan ba abu ne da ake wayar gari da shi ba. Koyonsa aka yi a hankali, bayan kurakurai masu yawa da babu wanda ya tsaya ƙirgawa. Daga wasansa na farko a West Ham zuwa lokacin da duniya ta san da zamansa, kusan shekara tara ne.

To, mutumin da ya ɗauki shekara tara kafin ya ƙware a wasa, shi aka ba kaka ɗaya tak ya ƙware a koci.

A watan Mayun 2018 Derby County ta ɗauke shi, bai taɓa riƙe wata babbar ƙungiya ba. Ya yi abin yabo. Ya karɓo aron Mason Mount da Fikayo Tomori daga Chelsea, da Harry Wilson daga Liverpool. Ya je Old Trafford ya fitar da Manchester United ta tsohon maigidansa Mourinho daga kofin League da bugun fenariti. A wasannin neman gurbin hawa Firimiya, Leeds ta Marcelo Bielsa ta ci shi 1–0 a gidansa, shi kuma ya bi ta har Elland Road ya zuba mata 4–2. A Wembley ne Aston Villa ta tsayar da su da 2–1. Kaka ce mai daɗin kallo, amma a faɗi gaskiya, Derby ta 6 ta ƙare, kuma ta 6 ɗin ta ƙare a kakar da ta gabaci zuwansa. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne kaka ta biyu da ta uku a nan Derby, ya ga yadda ake sake gina ƙungiya bayan 'yan aro sun koma gidajensu, yadda ake zama da ɗan wasan da ka ajiye a benci wata uku, yadda ake toshe baya in ta fara zuba. Sai Chelsea ta kira.

Dalilin kiran nan ne ya kamata a tsaya a kansa, domin a nan gizo ke saƙar. A 2019 FIFA ta hana Chelsea sayen 'yan wasa saboda karya dokar ɗaukar yara daga ƙasashen waje. Eden Hazard ya tafi Real Madrid. Maurizio Sarri, wanda ya kai su na 3 ya kuma ci musu kofin Europa, ya koma Italiya bayan kaka guda da jininsa bai haɗu da na magoya baya ba. Babban koci mai suna da wuya ya karɓi ƙungiyar da ba za ta saya masa ko mutum ɗaya ba. Shugabannin ƙungiyar na neman wanda in an sha kashi magoya baya za su ji nauyin zaginsa, wanda kuma zai yarda ya saka yaran da ƙungiyar ta rena. Babu wanda ya dace da wannan kamar Lampard. A ganina fakewa aka yi da sunansa. Shi kuma ba zai iya cewa a'a ba. Wa zai iya? Gidan da ya shekara 13 a ciki ne ke kiransa.

Duk da haka, a kakar farko ya fita kunya. An ci shi 4–0 a Old Trafford a wasan farko na gasar, amma ya ƙare na 4, ya samu gurbin Zakarun Turai, ya kai wasan ƙarshe na kofin FA inda Arsenal ta yi nasara 2–1. Abin da ya fi wannan duka, ya yi abin da manyan kociyoyin da suka wuce ta Chelsea tun da attajiri Abramovich ya sayi ƙungiyar a 2003 suka riƙa gudu: ya yarda da yaran gida. Ƙungiyar ta daɗe tana cin kofin matasa na FA shekara bayan shekara, amma yaran sai dai a yi ta tura su aro har a gaji a sayar. Lampard ne ya zo ya saka Mount da Tammy Abraham da Reece James da Tomori, ya kuma bar su a ciki ko da sun yi kuskure. Abraham ya ci 15 a gasar a wannan kakar. Daren da Chelsea ta ci kofin Zakarun Turai a Porto a Mayun 2021, Mount ne ya miƙa wa Kai Havertz ƙwallon da ya ci, James kuma shi ya hana Raheem Sterling na Manchester City sakat a gefe.

Sai dai wanda ya ɗaga kofin Thomas Tuchel ne, kocin da ya gaji Lampard, kuma nan ne masu sukar Lampard suke da hujjarsu mafi ƙarfi. An zura wa Chelsea ƙwallo 54 a Firimiya a 2019/20, adadin da bai dace da ƙungiyar da ke neman kofi ba. Bayern Munich ta yi musu 7–1 gida da waje. In kana kallo za ka ga da zarar sun rasa ƙwallo tsakiya ta zama wayam, kowa ya hau gaba, babu mai tare hanya. Mutumin da ya ci moriyar Makélélé da Essien da Mikel a bayansa sai ga shi ya kasa tsara wa ƙungiyarsa irin wannan kariya. A 2020 aka kashe fam sama da miliyan 200 aka kawo Werner da Havertz da Ziyech da Chilwell da Mendy, ga Thiago Silva da ya zo kyauta, amma har ya tafi bai samo wa Havertz wurin da ya dace da shi ba. Ya jingine Rüdiger na wani lokaci, ya yi watsi da Marcos Alonso, Tomorin da shi da kansa ya fito da shi ma ya bari ya tafi aro AC Milan. A farkon Disamba suna saman tebur. Kafin Janairu ya ƙare sun sha kashi biyar cikin wasa takwas, suna na 9, aka sallame shi ranar 25 ga wata. Tuchel ya zo ya tarar da waɗannan 'yan wasan dai, ya koma masu tsaron baya uku, ya dawo da waɗanda aka jingine, raga ta huta, bayan wata huɗu ya ci kofin Turai.

Wannan duk haka yake. Amma me ya nuna? Ya nuna Tuchel ya fi Lampard iya aikin a 2021. To ai dole ne. Tuchel ya faro ne daga horar da yara a Stuttgart tun 2000, ya riƙe ƙaramar ƙungiyar Augsburg, ya ci kofin matasan Jamus da Mainz, ya yi shekara biyar da babbar ƙungiyar Mainz, sannan Dortmund, sannan PSG. Shekara 20 yana wannan sana'a kafin ya taka Stamford Bridge. Lampard kuwa ranar da aka kore shi ko shekara uku bai cika a aikin ba. A tashar mota babu mai miƙa wa yaro makullin tirela ranar da ya zo, ko da ɗan mai motar ne. Sai ya yi shekaru yana yaron mota, ya san kukan inji, ya san inda hanya ke da rami. Wanda ya yi gaggawar miƙa masa makulli, in mota ta faɗi, ba shi da bakin ɗora wa yaron laifi shi kaɗai.

Wani zai ce ai Guardiola ma kaka ɗaya ya yi da ƙaramar ƙungiyar Barcelona kafin a ba shi babbar a 2008. Gaskiya ne. Amma Guardiola ya ƙarasa shekarun wasansa ne yana yawon neman ilimin aikin. Har Meziko ya je ya buga wasa don ya zauna a hannun koci Juanma Lillo, ya je Ajantina ya zauna da Bielsa. Sannan ƙungiyar da ya karɓa tana da salon wasa guda tun daga yara har manya, salon da shi kansa ya tashi a ciki a hannun Cruyff. Chelsea ta Abramovich kuwa kowane koci da nasa salon yake zuwa, ya tafi da abinsa. Sauran da ake kafa misali da su sun yi zaman koyo. Zidane ya yi mataimakin Ancelotti a Real Madrid, ya kuma riƙe ƙaramar ƙungiyarta, Castilla, shekara ɗaya da rabi. Arteta ya yi fiye da shekara uku a gefen Guardiola. Xabi Alonso da yara ya fara a Madrid, ya yi shekara uku da ƙaramar ƙungiyar Real Sociedad, kafin ya je Leverkusen ya ci Bundesliga a 2024 ba a doke shi ba. Wanda aka yi wa irin gaggawar Lampard shi ne Pirlo: Juventus ta ba shi 'yan ƙasa da shekara 23 a 2020, ba a yi mako biyu ba ta ɗaga shi zuwa babbar ƙungiya. Ƙungiyar da ta ci Serie A tara a jere sai ta ƙare ta 4, aka sallame shi.

Everton kuwa ciwonta ya girmi Lampard. Ya karɓe ta a ƙarshen Janairun 2022 daga hannun Benítez tana gangarowa, kuma ya tsirar da ita. Daren 19 ga Mayu a Goodison Park, Crystal Palace ta ci su biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci, suka dawo suka farke suka ci 3–2, magoya baya suka cika fili. 'Yan Najeriya za su tuna cewa a hannunsa ne Alex Iwobi, wanda aka fara cire rai da shi, ya koma tsakiya ya zama cikin waɗanda ƙungiyar ta fi dogara da su. Iwobin ne ya ci Newcastle a minti na 99, Everton na da mutum goma a fili. Sai aka sayar wa Tottenham Richarlison, ba a samu wanda ya cike gurbinsa ba, Calvert-Lewin kuma na fama da rauni. A Janairun 2023 suna na 19 aka sallami Lampard. Sean Dyche da ya gaje shi, wanda ya shahara wajen tsirar da ƙungiya, shi ma sai ranar ƙarshe ya sha da ƙyar da maki 36. Daga baya ma sai da aka zaftare wa ƙungiyar maki saboda karya dokar kashe kuɗi.

Inda ba zan iya kare shi ba shi ne komawa Chelsea a Afrilun 2023. Sabbin masu ƙungiyar, su Todd Boehly, sun kori Tuchel, sun kori Graham Potter, sun kashe fam sama da miliyan 500 cikin kaka ɗaya, sun tara 'yan wasa har Thiago Silva ya fito fili yana cewa sai da aka faɗaɗa ɗakin sauya kaya. Magoya baya sun fusata. Aka sake neman wanda za a fake da shi, aka sake kiran Lampard, ya sake amsawa. Wasa 11, nasara ɗaya, kashi takwas, Chelsea ta ƙare ta 12. Babu kocin da zai gyara waccan ƙungiya cikin wata biyu, kuma mutum mai shekara 44 da ya riga ya ga yadda aka yi da shi a 2021 ya kamata ya san haka. Ƙauna ce ta kai shi, na yarda. Amma wata biyun nan sun ɓata masa suna fiye da duk abin da ya faru a baya, waɗanda suka kira shi kuwa ko gezau.

Akwai wata fuskar maganar da tausayin Lampard ba zai sa na tsallake ta ba. Sunan da ya jefa shi cikin wahala shi ne kuma ya riƙa samo masa dama bayan dama, abin da wasu ko sau ɗaya ba su samu ba. A 2018 ɗin da aka ba Lampard Derby aka ba Steven Gerrard Rangers, Sol Campbell, wanda ya buga wa Ingila wasa 73, yana kuma cikin Arsenal ɗin da ta gama kakar 2003/04 ba a doke ta ba, Macclesfield ya samu. Ƙungiya ce da take ta ƙarshe a rukuni na huɗu, ko albashi ba ta iya biya a kan lokaci. Ya tsirar da ita daga faɗuwa. Bayan nan sai Southend, daga nan ba mu sake ganinsa a bencin wata babbar ƙungiya ba. Raheem Sterling ya faɗi wannan ƙarara a 2020, ya jera sunan Gerrard da Lampard da Campbell da Ashley Cole, ya nuna cewa duka sun yi karatun koci, amma baƙaƙen fatar biyu, Campbell da Cole, su ne ba a ba su damar da ta dace ba. Duk wanda ya kalli yawan baƙar fata a filayen Firimiya, sannan ya juya ya kalli masu tsayuwa a bakin layi suna ba da umarni, ya san Sterling bai yi ƙarya ba. Wannan ɗabi'a ta miƙa babbar ƙungiya ga wanda sunansa ya yi wa masu ƙungiya daɗi ta cuci Lampard, amma ta fi cutar irin su Campbell.

Ingila kanta tana ɗanɗana kuɗarta. Tun da aka fara Firimiya a 1992 babu koci ɗan Ingila da ya ci ta; na ƙarshe da ya ci babbar gasar ƙasar shi ne Howard Wilkinson da Leeds, kaka ɗaya kafin nan. Daga kofin FA da Redknapp ya ci da Portsmouth a 2008, ranar da Nwankwo Kanu ya zura wa Cardiff, sai da aka jira har 2025 kafin wani ɗan Ingila, Eddie Howe, ya sake ɗaga babban kofi a ƙasar. Howe kuwa ba tauraro ba ne lokacin wasansa, daga rukuni na huɗu ya faro da Bournemouth. A duba taurarin zamanin Lampard. Gerrard ya ci gasar Scotland da Rangers a 2021 ba a doke shi ba, da su Joe Aribo da Leon Balogun, sai ya yi saurin tafiya Aston Villa. Bai cika shekara ba aka sallame shi, Unai Emery ya ɗauki ƙungiyar ya kai ta gasar Zakarun Turai. Rooney wasa 15 ya yi a Birmingham. Scholes wata ɗaya ya yi a Oldham. Da hukumar ƙwallon Ingila ta tashi neman wanda zai gaji Southgate a matsayin kocin ƙasar a 2024, cikin wannan zuriya duka ba ta ga wanda za ta ba ba, sai ta ɗauko Tuchel, mutumin da ya gaji Lampard a Chelsea.

Wannan ne ya sa zuwansa Coventry ya girma a idona. Lampard ba kuɗi yake nema ba. Yana iya zamansa a gidan talabijin yana sharhi, kamar yadda wasu abokan zamaninsa suka yi bayan sun ɗanɗani benci sau ɗaya. Ya zauna shekara ɗaya da rabi babu aiki, sannan ya karɓi ƙungiyar da a lokacin rabonta da Firimiya tun 2001, wadda ta taɓa faɗawa rukuni na huɗu, wadda rigimar filin wasa ta sa ta yi zaman haya a Northampton, daga baya a Birmingham. Kuma ba da tafi aka tarbe shi ba. Mark Robins, kocin da Lampard ya gada, shi ne ya ɗauko Coventry daga rukuni na huɗu har saura ƙiris ta hau Firimiya a 2023, Luton ta hana ta da bugun fenariti. Shi ne kuma ya farke wa Manchester United ƙwallo uku a wasan dab da na ƙarshe na kofin FA a 2024. Magoya baya sun ji zafin korarsa, da dama kuma sun ɗauka mai ƙungiyar, Doug King, suna kawai ya sayo. A Derby da murna aka karɓi Lampard. A Everton magoya baya ne ma suka nemi a ɗauko shi, har da rubutu a bangon filin wasa. A Coventry kuwa ya sake samun kansa inda ya faro a West Ham, a gaban mutanen da ke shakkarsa, waɗanda sai da aiki zai gamsar da su.

Ya kuwa gamsar da su. Daga ta 17 ƙungiyar ta ƙare ta 5, ta shiga wasannin neman gurbi. Sunderland ce ta fitar da su, da ƙwallon da Dan Ballard ya ci da ka a daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci. Irin wannan kashi yakan karya wa ƙungiya gwiwa har kaka mai zuwa. Coventry ta dawo a 2025/26 ta zuba wa QPR 7–1 tun a watan Agusta, ta hau saman tebur a watannin farko. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne Jack Rudoni, matashin ɗan tsakiyar da ya fara ɓullowa cikin yadi na 18 a makare yana cin irin ƙwallayen nan da muka sani. Shi ya ci biyun da aka doke Middlesbrough da su a ranar ƙarshe ta kakar 2024/25. Ana yawan cewa gwanin ɗan wasa ba ya iya koyarwa, wai abin da yake yi a jikinsa yake, bai san yadda zai bayyana wa wani ba. Wataƙila haka ne ga wanda aka haifa da baiwa. Shi Lampard duk abin da ya iya koyonsa ya yi, ɗaya bayan ɗaya, don haka ya san yadda ake koyar da shi. Mount shaida ne, Iwobi shaida ne, ga kuma Rudoni.

Fatana gare shi shi ne in Chelsea ta sake shiga rikici ta kira shi karo na uku, kuma da yadda take sauya koci ba abin mamaki ba ne ta kira, ya daure ya ce a'a. Ya zauna a Coventry ya ga kaka mai daɗi da marar daɗi, a sayar masa da gwaninsa ya nemo wani, ya sha kashi biyar a jere ya fita daga ciki da dabararsa, domin wannan ne darasin da Chelsea da Everton ba su bar shi ya kai ƙarshensa ba. Shi kuma Doug King, ranar da irin wannan kashin ya zo, kuma zai zo, ya tuna cewa Alex Ferguson ya yi shekara 12 yana horarwa a Scotland, daga East Stirlingshire zuwa St Mirren zuwa Aberdeen, kafin ya zo Manchester United a 1986, kuma sai a 1993, yana da shekara 51, ya ci gasar Ingila karo na farko. Lampard bai ma kai waɗannan shekarun ba tukuna.